Haƙƙin Ɗan Kwikwiyo Mai Gudawa a Kan Wanda Ya Ɗauko Shi

Ɗan kwikwiyon da aka raba da uwarsa aka kai sabon gida yakan kamu da ɓacin ciki da gudawa a kwanakinsa na farko. Likitocin dabbobi sun san dalilan hakan. Akwai sauyin abinci farat ɗaya, daga nonon uwa zuwa ragowar tuwo da miya mai yaji da mai, ko madarar gari da cikinsa bai iya narkarwa ba. Akwai firgicin baƙon wuri, akwai kuma tsutsar ciki wadda da yawansu da ita ake haifarsu. Mafi muni shi ne cutar fabo, wadda aka fara ganewa a duniya a 1978, mai zuwa da amai da zawo mai jini da wari. Abin da ke kashe ɗan kwikwiyo a irin wannan hali yawanci ƙarewar ruwan jiki ne, kuma saboda ƙanƙantar jikinsa kwana ɗaya ko biyu sun isa.

A unguwa irin Rijiyar Lemo, da ke kan titin Katsina a ƙaramar hukumar Fagge ta Kano, maganar ba ta tsaya wa likita kaɗai ba. Mai shago ko mai gareji kan ɗauko kwikwiyo don gadi, matasa masu farauta su ɗauko don daji, wani lokaci kuma yara ne kawai suka tsinto shi a bakin kwata. Da ya fara ɓata tsakar gida sai tambaya ta tashi: najasa ce wannan, a gidan da ake salla sau biyar, to wajibi ne a yi jinyarsa, ko a jefar da shi a huta? A Sabon Gari, wadda take cikin ƙaramar hukuma ɗaya da Rijiyar Lemo, gidaje da yawa na kiwon kare ba tare da wannan damuwa ba. Shi kuwa Bahaushe Musulmi sai ya warware tambayoyi guda uku da suka sarƙe: halaccin ajiye karen, hukuncin ƙazantarsa, da haƙƙinsa idan ya kwanta ciwo.

Ajiye kare a shari'a izini ne mai sharaɗi. Hadisai ingantattu a Buhari da Muslim sun nuna cewa wanda ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda almajiran fiƙihu a Kano suke karantawa a zaure tun da daɗewa, ta bi wannan iyaka, har ta ƙara cewa farautar ma ta neman abinci ce ba ta wasa ba. Karen gadin gida shi ne wurin saɓani. Malamai da dama sun yi ƙiyasinsa a kan karen gona da na garke, tunda dalilin ɗaya ne, wato tsare dukiya. Ibn Abdil Barr, babban malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1071, yana cikin masu sauƙaƙawa idan akwai amfani ko kawar da cuta. Masu sharhin Risala ma sun ruwaito cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, yana ganin yanayin zamaninsa ya bambanta da na Imam Malik. Saboda haka mai shagon da ɓarayi suka dama yana da madogara, wanda kuwa ya ɗauko kwikwiyo don ƙawa ko don yayi ba shi da ita.

Batun tsarki shi ne inda fahimtar jama'a ta fi nisa da abin da ke cikin littattafan mazhabarsu. A wurin Imam Malik, wanda ya rasu a 795, duk mai rai tsarkakakke ne a jikinsa, har da kare, haka guminsa da yawunsa. Daga cikin hujjojinsa akwai ayar Suratul Ma'ida da ta halatta cin abin da karen farauta ya kamo, alhali da bakinsa ya kamo shi. Umarnin wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallage a ciki, Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin bauta tsantsa, ba don najasa ba, kuma a mashhurin zance mustahabbi ne ba tare da turɓaya ba. Shafi'iyya ne suke ganin kare najasa ne a jikinsa, suka wajabta wanki bakwai ɗaya da ƙasa. Yawancin mutanen Kano Malikiyya ne a karatu, amma a ƙyamar kare sun zarce abin da mazhabar ta faɗa, kuma wannan zarcewa ce take sa a bar dabba cikin wahala da sunan kiyaye addini.

Kashin kare da fitsarinsa kuwa najasa ne, a wannan babu ja. Sai dai najasa hukunci ne da ya shafi jikin mai salla da tufarsa da wurin sallarsa, maganinta kuma ruwa ne. Ba ta mai da taɓa abin zunubi. Uwa tana wanke kashin jaririnta ta wanke hannu ta yi salla, haka ma mai jinyar kwikwiyo. Abin lura ɗaya ne a nan: likita zai ce a wanke wurin da bilic, domin ƙwayar fabo tana iya yin watanni a ƙasa kuma sabulu kaɗai ba ya kashe ta, amma ruwan da bilic ya canza masa wari ba ya ɗauke hukuncin najasa a Malikiyya. Don haka a kwashe ƙazantar, a wanke da magani, sannan a bi da ruwa zalla. Keɓe masa wuri nesa da madafa da wurin alwala da inda yara ke rarrafe ya dace da fiƙihu da lafiya duka, tunda ƙwan tsutsar cikin kare na iya shiga yaro ta ƙasar da yake wasa da ita.

Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi, kuma amsarta ba ta rataya a kan ta farko ba. Ko da dalili aka ɗauko shi ko babu dalili, da zarar ya shiga hannun mutum ya zama abin da za a tambaye shi a kansa. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, ya dogara ne a kan tsarewar: wanda ya yanke wa dabba hanyar neman abincinta ya ɗauki nauyin abincin. Ɗan kwikwiyon da aka cire daga nono ya fi kyanwar nan rauni, domin ko an sake shi ba zai iya ciyar da kansa ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa daga rijiya, inda Annabi (SAW) ya bayyana cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Karen nan ba na kowa ba ne. Idan shayar da karen hanya ya kai wannan matsayi, barin na gida ya bushe da gudawa abu ne mai wuyar samun uzuri. Littafin fiƙihun Malikiyya, Muhtasar na Halil, ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, kuma ciyarwar da ba ta tsayawa a ciki ba ta biya buƙatar da aka wajabta ta dominta ba.

Abin da jinyar ke buƙata bai fi ƙarfin mai niyya ba. A ajiye masa ruwa mai tsabta, a ba shi abinci mai sauƙi kaɗan-kaɗan, irin dafaffiyar shinkafa da tsokar kaza ba mai ba yaji, kada kuma a hana shi abinci na dogon lokaci don ƙarami ne. Idan an ga jini, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jikinsa ya saki, ko gudawar ta wuce kwana guda, sai a kai shi asibitin dabbobi, domin ƙarin ruwa ne zai cece shi. Ɗura masa maganin mutane daga kemis kuskure ne mai hatsari. Wasu magungunan ciwon jiki guba ne ga kare. Mafi yawan wannan wahala ana kauce mata idan aka bar shi da uwarsa har mako 8, aka ba shi maganin tsutsa, aka fara allurar rigakafi tsakanin mako 6 zuwa 8 ana maimaitawa har kusan mako 16. Allurar haukan kare, wadda ake yi daga wata 3 kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take haɗawa, haƙƙin maƙwabta ce kafin ta zama haƙƙin karen.

Wanda ya ga ba zai iya ba, hanyar da ta rage masa ita ce ya miƙa shi ga wanda zai iya, mafarauci ko makiyayi ko wani mai kiwon karnuka. Kyauta ta fi kuɓuta daga saɓani, domin Malik ya hana cinikin kare, ko da yake Sahnun, mai Mudawwana, ya halatta sayar da wanda aka yi izinin riƙewa. Jefar da shi a bola ko a kwata ba ya cikin zaɓin, kuma yana yaɗa cutar ga sauran karnukan unguwa. Idan likita ya tabbatar ba zai tashi ba, malaman Malikiyya sun halatta a hutar da dabbar da ba a ci idan an ɗebe tsammani daga gare ta, kuma likitan dabbobi yana da allurar da ke yin hakan ba tare da azaba ba.