SHIN A KARƁI SHAIDAR IDON DA BAI YI BARCI BA?

 

A shekarar 2004 Turawa sun fito da wani fim mai suna The Machinist, wanda Brad Anderson ya shirya, Christian Bale kuma ya fito a matsayin tauraronsa. Labarin wani ma'aikacin masana'anta ne, Trevor Reznik, wanda ya ce shekara guda cur bai runtsa ba. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, yana ganin wani mutum wanda babu mai ganinsa sai shi, yana tsintar takardu a ɗakinsa bai san wanda ya rubuta su ba. Sannu a hankali ya tabbatar wa kansa cewa abokan aikinsa sun haɗa baki za su halaka shi, har macen da ke tausaya masa ma bai bar ta ba. Sai can a ƙarshe gaskiya ta bayyana, ashe shi ne ya buge wani yaro da mota shekara guda da ta wuce, ya gudu. Makircin da yake ta nema a fuskokin mutane a cikin ƙirjinsa yake. Da ya kai kansa ga 'yan sanda ya amsa laifinsa, a nan cikin ɗakin tsaro barci ya ɗauke shi.

Wannan fili ba na tallan silima ba ne, kuma a cikin fim ɗin akwai abubuwan da bai kamata Musulmi ya zura wa ido ba. Amma mas'alar da ya tayar tsohuwa ce a wurin malamai. Imamu Muslim ya ruwaito daga Nawwasu ɗan Sam'ana cewa Annabi (S.A.W.) ya siffanta zunubi da abin da ke kai-kawo a ƙirjin mutum, yana kuma ƙin mutane su tsinkaya a kansa. Wanda ya ɓoye laifi yakan ɗauka kowa ya sani. In mutum biyu suka yi raɗa, da shi ake. In aka yi dariya a majalisa, shi ake yi wa. Maganin wannan kuwa ba ya wurin boka, ba ya kantin magani. Direban da ya kaɗe mutum a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega ya taka mota ya wuce, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta riga ta faɗi abin da ke kansa in kisan kuskure ne: diyya ga iyalin mamaci, da kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Kafin ya sauke wannan nauyi, ko katifar sarki aka shimfiɗa masa a kan ƙaya yake kwance.

To, amma fa a nan ake yin kuskure babba. Wasu da sun ji haka sai su juya maganar, su ce duk wanda barci ya ƙaurace wa akwai abin da ya shuka. Wannan zalunci ne. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa wani dare a Madina Annabi da kansa bai yi barci ba, har ya yi fatan wani salihi daga cikin sahabbansa ya zo ya yi masa gadi, sai ga ƙarar makami, ashe Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, sa'an nan ya kwanta. Tambuwal kanta, garin da tarihi ya danganta da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, ta san zaman ribaɗi, watau a raba dare ana tsaron iyaka domin na cikin gari su yi barci. Idon da ya kwana a buɗe saboda irin wannan aiki, hadisin Tirmizi ya sanya shi cikin idanu biyun da wuta ba za ta taɓa ba.

Abin da ya sa aka kawo wannan magana shi ne halin da 'yan bindiga suka jefa ƙauyuka da yawa na wannan jiha, har da na ƙasar Kebbe da ke maƙwabtaka da Zamfara. Akwai magidantan da suka saba kwana da takalmi a ƙafa, haushin kare ya tashe su, ƙarar babur daga nesa ta fitar da su daji. Kuma kowa ya san 'yan bindiga ba su shiga gari sai da ɗan gari. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, domin a yanke hulɗar da ke tsakanin ɓarayin daji da masu kai musu labari. Saboda haka mutumin da ke zargin akwai munafuki a unguwarsu ba mahaukaci ba ne. Tambayar ita ce: in ya kwana uku bai runtsa ba, ya wayi gari ya nuna maƙwabcinsa da yatsa, mene ne matsayin wannan yatsa a shari'a?

Aya ta 12 a Suratul Hujurati ba ta hana zato gaba ɗaya ba, yawansa ta ce a nisanta, domin sashensa zunubi ne. Aya ta 71 a Suratun Nisa'i kuwa ta umarci muminai da yin hattara. Malamai sun haɗa ayoyin biyu ba tare da wata wahala ba. Mutum ya kulle ƙofarsa, ya ɓoye lokacin tafiyarsa kasuwa, ya ƙi faɗin kuɗin da ya sayar da sa, duk wannan hattara ce, bai ci haƙƙin kowa ba. An ruwaito daga Sufyanu cewa zato iri biyu ne, wanda mutum ya riƙe a ransa ba shi da laifi, wanda ya furta shi ne zunubi. Da zarar ya ce wa jama'a wane ne ke sayar da mu, ya fita daga babin hattara ya shiga babin shaida, ita kuwa shaida tana da sharuɗɗa.

Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne hankali ya kasance a mazauninsa. Annabi ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, malaman fiƙihu kuma suka yi ƙiyasi suka haɗa da matsananciyar yunwa da ƙishirwa da gyangyaɗi, domin illar ɗaya ce. Akwai ma hadisin da ya fi wannan kusa: an umarci wanda gyangyaɗi ya kama cikin salla ya je ya kwanta, don kada ya nufi neman gafara ya ɓuge da zagin kansa bai sani ba. Mai karatu ya dubi wannan da kyau. Mutumin da shari'a ba ta amince masa da addu'ar da zai yi wa kansa ba, ta yaya za a amince masa da jinin wani?

Likitoci ma sun isa inda malamai suka isa ta tasu hanya. Shekara guda ba barci ƙarin gishirin masu fim ne, jikin ɗan Adam ba ya ɗaukar haka. Amma a farkon 1964 wani ɗalibi ɗan shekara 17 a Amurka, Randy Gardner, ya kammala kwana 11 bai yi barci ba, masana suna lura da shi. Tun kafin ya kai ƙarshe ya fara mantuwa, da saurin fushi, da ganin abin da babu, da zargin mutane. Yaro ne lafiyayye, ba wanda ke farautarsa. Ina ga wanda ya binne ɗan'uwansa a makon jiya?

Alƙur'ani ya haɗa barci da zato wuri guda cikin labarin Uhudu, a aya ta 154 ta Suratu Ali Imrana. Bayan an sha wahala, Allah ya saukar da gyangyaɗi a kan wata ƙungiya ya zama aminci a gare su, ɗaya ƙungiyar kuwa damuwa da kawunansu ta hana su, suka shiga munanan zace-zace. Maƙiyi ɗaya ne, fili ɗaya ne, amma waɗanda suka samu runtsawa su ne suka tashi da zuciya tsayayya.

Abin da zato ke haifarwa in ya shiga hannun taro ba ɓoyayye ba ne. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, a kan zargin wai masu satar mutane ne. Duk Arewa ta yi kuka, kuma ta yi gaskiya. Sai dai wanda ya la'anci abin da aka yi a Uromi, ba shi da bakin halatta irinsa a kan Bafulatanin da ya shigo kasuwar Kebbe sayen gishiri, ko saurayin da aka gani yana waya a bayan gari. Aya ta 6 a Hujurati ta wajabta bincike kafin a afka wa mutane. Mai zargi ya kai maganarsa ga mai unguwa ko hakimi ko jami'an tsaro a asirce, ya faɗi abin da idonsa ya gani, ya ware shi daga abin da ransa ya raya masa. Shugabannin 'yan sintiri kuma su raba dare kashi-kashi, kada a bar mutum ɗaya da makami kwana uku a jere, kada kuma a yanke wa kowa hukunci a daren da aka kama shi.

Saura wanda nasa ya wuce tsoro ya zama ciwo, yana jin muryoyi, yana cewa matarsa ta sa masa guba, ya daina cin abincin gidansa. Irin wannan an ɗauke masa alƙalami gwargwadon abin da ya gushe na hankalinsa, nauyin ya koma kan danginsa. A yi masa addu'a, a karanta masa Falaƙi da Nasi, amma kada a ɗaure shi a turu, kada kuma a gaskata sunayen da yake ambata a je a ɓata zumunci da su. Asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya yana nan a Kware, kuma cikin abubuwan da likita zai tambayi wanda ya rako shi akwai rabonsa da barci.