Mene Ne Ribar Mai Ƙirga Shaho?

Ya kai mai karatu, da za ka ga ƙato da lafiyarsa ya hau kan dutse tun hantsi, ya ɗaga kai sama har yamma, ba ya komai sai ƙirga shaho da shirwa yana rubutawa a takarda, me za ka ce? Na san amsar. Za ka ce wannan zauna-gari-banza ne, ko kuma a kai shi a duba shi. To, dakata ka ji.

A ƙasar Amurka, cikin jihar Fensilbaniya, akwai wani dutse da suke kira Hawk Mountain, wato Dutsen Shaho. Duk lokacin kaka, idan sanyi ya gabato, tsuntsaye masu farauta sukan baro arewa su nufi kudu. Suna bin jerin duwatsun nan ne saboda iskar da ta bugi dutse takan yi sama, sai tsuntsu ya baza fiffike ta ɗauke shi, ba sai ya wahala ba. Maharba suka gane haka, suka riƙa taruwa a wurin da bindigogi suna kakkaɓo su. A wajensu shaho ɓarawo ne, kashe shi taimakon jama'a ne. Har hukumar farauta ta jihar ta sa ladan dala 5 a kan wani nau'in shaho a 1929.

A 1934 wata mata mai suna Rosalie Edge ta kama hayar dutsen, ta hana harbi, ta ɗauki Maurice Broun da matarsa Irma su yi gadi. Shi kuwa Broun bai tsaya ga gadi ba, sai ya fara ƙirga duk tsuntsun da ya gifta. Aka ci gaba da haka kowace kaka, in ban da shekarun 1943 zuwa 1945 da yaƙin duniya ya tsayar da aikin.

Yanzu ga tambayar. Tsuntsun nan ba nasa ba ne, ba zai ci ba, ba zai sayar ba, gobe ma ya ƙara gaba. To mene ne amfanin ƙirga abin da ba naka ba?

Amsar ba ta fito ba sai bayan shekara ashirin da ɗoriya. Takardun suka nuna cewa tsakanin 1935 da 1939, kashi 40 cikin 100 na gaggafa mai farin kai da ke wucewa matasa ne, amma tsakanin 1955 da 1959 sun koma kashi 20. Manyan suna nan suna shawagi, wanda ya ɗaga kai sau ɗaya zai rantse lafiya lau. Ashe 'ya'ya ne babu. Rachel Carson ta kawo wannan lissafi a littafinta Silent Spring na 1962, inda ta yi gargaɗi a kan magungunan feshin ƙwari. Bincike ya tabbatar maganin DDT yana sa ɓawon ƙwai ya yi rashin ƙwari, ya fashe kafin ƙyanƙyasa. A 1972 Amurka ta hana feshinsa a gonaki, gaggafa ta farfaɗo, har aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007.

Ka ga ke nan, hasara iri biyu ce. Akwai mai zuwa da ihu, kamar gobara, kowa ya fito da bokiti. Akwai kuma mai zuwa a sulale, bana a rage kaɗan, baɗi a rage kaɗan, ido ya saba, har yaro ya tashi yana zaton haka duniya take tun fil azal. Wannan ta biyun ba mai kama ta sai wanda ya rubuta yadda jiya take.

Wani zai ce, "Malam, kai ba ka da kaji ne." Gaskiya ne, kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, kuma wanda aka sure wa ɗan tsako yana da ikon jin haushi. Amma shi ɗan tsako ɗaya ya gani. Ɓeraye da fari da irin waɗannan tsuntsaye suke cinyewa a bayan gari, wa ya ƙirga masa? Mukan yanke wa halitta hukunci da laifinta da muka gani, alherinta kuwa ba mu da littafinsa. Haka muke wa tsuntsu, haka muke wa maƙwabci.

Kada ka ce wannan zancen Turawa ne. Yaushe rabonka da ganin ungulu ta yi dandazo a mahauta kamar da? Wace shekara ta fara raguwa? Yawancinmu ba za mu iya faɗa ba, mun wayi gari ne kawai muka ga sama fayau.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan ka ga mai ƙirga abin da ba nasa ba, kada ka yi masa dariya. Amanar jikokinka yake riƙe da ita, ko da yake bai san sunansu ba. Kai ma ka duba abin da ke kewaye da kai, rijiya ce, itatuwan unguwa ne, ka fara lura tun yana nan.