KAFIN KI SA HANNU A TAKARDAR BELI

'Yar'uwa, akwai tambayar da nake so mu tattauna yau. Idan ɗan'uwanki ya shiga hannun hukuma aka ce ki zo ki tsaya masa beli, shin ƙin zuwa yanke zumunci ne?

Abin fa ba nisa gare shi ba. Gidaje nawa ne a Kano ake cin abinci da adaidaita sahu? Tun da aka kafa KAROTA a 2012, direban da ya bi hannun da ba nasa ba, ko ya tsallake danja, ya san tara na jiransa. Wani ya biya a wuce wurin. Wani kuwa gardama ta shiga, ko ya buge mutum, magana ta kai gaban alƙali. Daga nan sai a fara neman wanda zai tsaya.

Da can akan ce wai mace ba ta karɓar beli. To dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta fito fili ta ce kada a hana mutum tsayawa don kawai mace ce. Madalla. Amma ki sani, ƙofar da aka buɗe mana da kayanta ta zo.

Mene ne beli? Ba sallama ba ce, ba kuma wanke laifi ba. Aron mutum kika yi daga hannun kotu, kika yi alkawarin dawo da shi duk ranar da aka neme shi. In ranar ta zo bai je ba, alƙali zai ba da takardar kama shi, ke kuma a kira ki ki kawo shi, ko ki biya kuɗin da kika sa wa hannu. In babu, gidan yari na iya biyo baya.

Kada ki ce ai ba a yi. A Nuwamban 2020 kotu ta tura Sanata Ali Ndume gidan yarin Kuje, saboda Abdulrasheed Maina da ya tsaya wa a kan naira miliyan 500 ya daina zuwa kotu. Daga baya a Jamhuriyar Nijar aka kamo Maina. Idan sanata guda ya kwana a Kuje, ina ga ni da ke?

Ni dai a ganina, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma barinsa a tsare alhali iyalinsa na jiran cefane ba ƙaramin abu ba ne. In kin san halinsa, kin san mai cika magana ne, tsaya masa. Amma in kin san ko bashin dashi ba ya biya sai an kai ruwa rana, to faɗa masa gaskiya ba yanke zumunci ba ne. Wanda ya gudu ya bar ki da alƙali, shi ne ya yanke.

Mafi muni shi ne a ɓoye shi a ƙauye wai don tausayi. Wannan tausayin ya mai da ƙaramar magana babba, ya kuma ja wa na baya, don gobe alƙali zai tsaurara wa ɗan wata.

Saboda haka kafin ki sa hannu, a karanta miki takardar tsaf, ki san adadin kuɗin, ki yi shawara da maigida ko iyaye. Rubuta ranar zama a kalanda, ki tashe shi da kanki tun da asuba. In rashin lafiya ta hana shi, a sanar da kotu da takardar asibiti. In kuma kin ga take-takensa na gudu ne, kina da damar komawa kotu ki nemi a sauke miki nauyin.

Alkawari kaya ne, 'yar'uwa. A ɗaga a ji nauyinsa kafin a ɗora a ka.