HUTUN IYALI A BAKIN RUWA: KIFIN HALAL NE, RAYUKAN KUMA AMANA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah, da iyalansa da sahabbansa.

'Yan uwa masu daraja, dogon hutun makarantu ya zo. A nan Nassarawa GRA da maƙwabtanta magidanta suna ta shirin fita da iyali. Wasu Tiga za su, ko Bagauda, ko dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, su jefa fatsa su kamo karfasa da tarwaɗa. Waɗanda Allah Ya hore wa kuma sai Legas, bakin Tekun Atlantika, a ɗauki jirgin ruwa a shiga kamun kifin ruwan gishiri. Ana ta tambaya: mene ne hukunci?

Amsa a taƙaice: halal ne. A Suratu Faɗir, aya ta 12, Allah Ya ambaci ruwa iri biyu, mai daɗin sha da mai zartsi, Ya ce ba daidai suke ba, amma daga kowanne muna cin nama sabo. A Suratul Ma'ida, aya ta 96, Ya halatta farautar ruwa har ga mai harama da Hajji ko Umara, alhali farautar tudu an hana shi. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Huraira cewa wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) game da alwala da ruwan teku, saboda suna tafiya da guzurin ruwa kaɗan. Sai ya ba shi amsar abin da ya tambaya, ya ƙara masa da wanda bai tambaya ba: ruwan mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Shi ya sa kifi ba ya buƙatar yanka. Malamai kuma sun ce hukuncin ya haɗa teku da kogi da tafki.

Sahabbai ma sun ci naman teku. Bukhari da Muslim sun kawo labarin rundunar Abu Ubaida, mutum 300, da yunwa ta galabaita su a gaɓar teku har suka koma cin ganye. Sai ruwa ya jefo musu wata ƙatuwar dabba da ake kira anbar, suka yi kwanaki suna ci. Da suka dawo Madina da ragowar naman, Annabi (SAW) ya ci daga ciki.

To, amma halaccin kifi bai ɗauke wa maigida nauyi ba. Abu uku nake so mu riƙe.

Na farko, kuma mafi girma, shi ne rai. Ku lura, dogon hutu a ƙasar nan cikin damina yake faɗowa, lokacin da koguna da madatsun ruwa suka cika suka batse. Wurin da yaro ya tsaya ruwa iya gwiwa a watan Maris, a watan Agusta zai iya shanye babba. Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, an gina ta ne don noman rani da tara ruwa, zurfinta ba na wasan yara ba ne. Teku kuwa ta fi haka: igiyar ruwa tana jan mutum ciki ko da ya iya iyo, balle ɗan Kano da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce na bahon wanka ba.

Mutanen Kano ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai. Sama da mutum 20 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu. Wanda ya tuna wannan rana ba zai yarda a cusa iyalinsa cikin kwale-kwalen da aka yi wa lodi fiye da ƙima ba.

Don haka, Alhaji, kafin a hau jirgi ka tabbatar kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, har kai kanka. Idan babu, a fasa. Ka nemi masuntan wurin ko Sarkin Ruwa su nuna maka inda ake tsayawa da inda ba a zuwa. Kada ka bar yara a hannun direba ko 'yar aiki kai kana can kana danna waya. Wani zai ce, "Malam, ai in kwana ya ƙare ko da riga sai an tafi." Gaskiya ne, ajali ba ya jira. Amma Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah, kuma ya faɗa mana kowane magidanci makiyayi ne da za a tambaya game da abin kiwonsa. Sakaci ba tawakkali ba ne.

Na biyu, niyya. Ibnu Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuma halal. To ka fita da niyyar ci da ciyarwa, da faranta wa iyali, da nuna wa yara ikon Allah. Abin da ka kama a gasa a ci, ko a ba mabuƙata. Kada a kamo kifi a ɗau hoto da shi don Facebook, sannan a yar a kan yashi ya mutu a banza. Ƙananan da ba su isa ci ba a mayar da su ruwa da ransu. Zuba gamalin ko wata guba a ruwa kuwa ɓarna ce a bayan ƙasa: tana kashe manya da ƙanana, tana cutar da masu sha da masu ci. Ka tuna wurin da kai ka je shaƙatawa, shi ne gonar masunci, da shi yake ciyar da 'ya'yansa. Ko Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ba a barin kowa ya shiga kogin Matan Fada duk lokacin da ya ga dama, shi ya sa ake samun giwan ruwa idan ranar ta zo.

Na uku, sallah. A Suratul A'araf Allah Ya ba mu labarin mutanen wani gari na bakin teku da aka jarrabe su da kifi ranar Asabar, kwaɗayi ya sa suka ƙetare iyaka, aka halaka su. Mu ba a hana mu kamun kifi a wata rana ba, amma jarrabawar tana nan: kifi yana cin fatsa, ga La'asar tana wucewa. Ajiye sandar. Ruwan alwala ga shi a gabanka, na dam ne ko na teku. Ka shiga gaba, uwargida da yara su bi ka. Mai zuwa Legas yana da rangwamen ƙasaru, wanda a mazhabar Malikiyya yake farawa daga tafiyar mil 48. Mai zuwa dam na kusa ya auna nisan tukuna. Sannan a zaɓi wurin da mata za su sake cikin sutura, domin ba kowane bakin teku ne ya dace Musulmi ya kai iyalinsa ba.

Ku fita da 'ya'yanku, jama'a, ya fi a bar su wata biyu a ɗaki da waya. Amma yadda kuka ƙirga su da safe, ku dawo da su a cike da yamma.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Wallahu a'alam.