Dutsen Carbi Guda Da Cutar Amosanin Jini

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam ya kyautata halittarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a Matazu da ƙauyukanta, har zuwa Malumfashi da Funtuwa, cutar amosanin jini, watau sikila, ba baƙuwa ba ce. Da hunturu ya kama sai yaro ya kwana yana kuka saboda ciwon gaɓoɓi. Waɗansu su ce mayu ne, waɗansu su ce iskoki, dangin miji kuwa su ɗora wa uwar laifi, har wani lokaci a kai ga saki. Binciken da aka yi a Garki, cikin tsohuwar Jihar Kano, a shekarun 1970, ya nuna kusan jarirai 2 cikin 100 ana haifarsu da wannan cuta.

A Suratuz Zariyat, aya ta 21, Allah ya kira mutane su dubi ayoyinsa a cikin jikunansu. To, a cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani furotin mai suna himogulobin, shi ne ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Misalinsa kamar carbi huɗu ne da aka naɗe wuri guda: biyu masu duwatsu 141, biyu masu duwatsu 146, jimilla 574. Yadda aka jera duwatsun shi ke sa carbin ya naɗe da wata siffa, siffar kuwa ita ke sa ya iya aikinsa.

Wani masani a Kambirij ta Ingila, Max Perutz, ya fara neman wannan siffa a 1937, yana haska himogulobin na jinin doki da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Bai ga surarta ba sai a 1959, bayan shekara 22. A 1949 Linus Pauling na Amurka ya nuna cewa himogulobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane, sa'an nan a 1956 Vernon Ingram ya gano bambancin: dutse ɗaya tak ne ya sauya, na shida a jerin masu 146. Wannan dutse shi ke sa himogulobin ya manne da ɗan'uwansa idan ya sauke iskar da ya ɗauko, su zama kamar sanduna, su lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Sai ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ciwo ya tashi. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, wannan kuwa ba ta wuce 20.

Darasi na farko ga Musulmi shi ne adalci. Yaro ba ya kamuwa da wannan cuta sai ya gaji sauyin daga uwa da uba duka biyu. Saboda haka zargin uwa ita kaɗai zalunci ne, jifan maƙwabciya da maita kuwa ƙazafi ne. Mai rukunin AS ba majinyaci ba ne, hasali ma Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da hatsarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwan ɗa mai SS.

Darasi na biyu shi ne riƙo da sababi. Waɗansu sukan ce gwajin jini kafin aure gudun ƙaddara ne. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Manomin Matazu ba ya shuka irin masara ko auduga sai ya zaɓa, ba wanda ya taɓa cewa ya rasa tawakkali. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, amma mai hankali ba ya jiran doka.

Lokacin gwaji kuwa shi ne tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba ana gobe ɗaurin aure ba, sa'ad da an haɗa lefe, kunya ta hana kowa magana. Wannan nauyi yana kan waliyyai da limamai, musamman a auren zumunci. Waɗanda suka riga suka yi aure kuwa, abin da ke kansu shi ne kula da yaron: gidan sauro, shan ruwa da yawa, tufafi masu kauri da sanyi, da zuwa asibiti da wuri, domin akwai magunguna masu rage tashin ciwon.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa iyayensu bisa haƙurinsu, amin.