Ganganci Ba Ƙaddara Ba Ne: Kira Ga Direbobi Da Fasinjoji

A kowace majalisa ta gari akwai masana mota. Za ka ji ana musu kan Toyota da Honda, wace ce ta fi jure rami, wace ce ba ta shan mai. Dattawa har yau suna yabon Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, matasa kuma hankalinsu na kan ƙarar inji da lambar ƙarshe da ke jikin agogon gudu. Son mota ba laifi ba ne. Abin takaicin shi ne, mun san komai game da yadda mota ke gudu, amma kaɗan ne cikinmu suka damu da yadda take tsayawa. Idan kuma aka kwashi gawarwaki a bakin titi, sai mu ce tsautsayi ne, mu rufe maganar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Waɗannan su ne 'ya'yan da muke fatan su binne mu, ga shi mu ne muke binne su.

Mu duba gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya ya duba waya na daƙiƙa biyu ya tuƙa mota fiye da mita 50 ido rufe. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da burki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkuwa take sau huɗu. Wannan ba ya duba gwaninta, ba ya duba tsadar mota. Shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a babbar hanya mai tagwaye, 50 a cikin gari. Amma da an zuba sabuwar kwalta, kamar tsakanin Kano da Zariya, sai mu mayar da ita filin tsere. Muna kukan rami, da aka cike ramin kuma sai muka taka totur har ƙasa.

Mu duba abin da masu ƙera mota suka tanadar mana. Tun 1959 wani injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya fito da bel ɗin da ke riƙe ƙirji da ƙugu, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi saboda ceton rai. Bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke gaban mota da kusan rabi. Mu me muka yi da shi? Sai direba ya zagaya da bel ta bayan kujera ya maƙala, don kawai motar ta daina yi masa ƙara, ya zauna a kansa. In ya hango jami'ai ya rataya shi a kafaɗa, da an wuce ya cire. Uwa kuma ta ɗora jariri a cinya a kujerar gaba, alhali in aka yi karo babu hannun da zai iya riƙe shi, balan-balan ɗin da ke fashewa don kare babba kuwa yana iya hallaka yaro.

Haka taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2319, to an yi ta a mako na 23 na 2019. Roba tana tsufa ko da zanenta bai suɗe ba. Kafin ka sayi taya ta gwanjo, tsuguna ka karanta. Tsohuwar taya, lodi ya yi yawa, ga zafin kwalta a watan Afrilu: fashewa ce kawai ta rage.

Kada mu ɗora wa direba laifin shi kaɗai. Fasinja ne ke cewa, "Direba, taka mana, muna sauri." Mu ne muke yarda a cusa mutum biyu a kujerar gaba. Uba ne ke miƙa wa yaron da ba shi da lasisi makulli ranar Sallah. A rakiyar amarya muna tafi ana wasan mota a tsakiyar jama'a. Kuma a Majiya ta jihar Jigawa, a Oktoban 2024, fiye da mutum 150 suka ƙone bayan tankar mai ta faɗi aka taru kwasar fetur.

Addininmu ya koyar da mu ɗaukar mataki sannan mu dogara ga Allah, kuma ran wani amana ne da za a tambaye mu a kansa. Don haka malamai su sa wannan a huɗuba. Shugabannin tasha su hana motar da ba ta da lafiya lodi, su hana direban da bai yi barci ba kama hanya. Iyaye su riƙe makullansu. Gwamnati ta gyara hanya, ta kuma daina ba da lasisi ba gwaji. Kai kuma fasinja, in direba ya fara gudun wuce sa'a, buɗe baki ka yi magana. In ya ƙi ji, sauka. Kuɗin motar da ka yi asara za ka sake samu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya ba mu ikon gyarawa, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya.