Wane Launi Ne Dare?

Da za a ba mu fenti a ce mu zana birnin Katsina bayan isha, yawancinmu baƙi za mu fara ɗauka. Mu shafe allon duka, mu bar ɗigon fitila nan da can, mu ce ga dare.

A watan Satumba na 1888, a garin Arles na ƙasar Faransa, Vincent van Gogh ya kafa allonsa a dandali cikin dare, ya zana wani gidan shan gahawa da taurari a bisansa. Ya rubuta wa ƙanwarsa cewa bai sa baƙin fenti ba. Shuɗi ne da kore da shunayya, da rawayar fitila. Ɗan fasto ne, ya kuma taɓa yin wa'azi a cikin masu haƙar kwal a Beljiyam. Bai zana dare daga tunani ba, fita ya yi ya tsaya a cikinsa.

To, ko wannan ba yaudara ba ce? Mu da muka san abin da dare ya jawo wa ƙauyukan Batsari da Ƙanƙara, muna da dalilin tuhumar duk wanda ya ƙawata duhu. Amma a ganinmu mai baƙin fenti ne ya fi kusa da ƙarya. Wanda ya tsaya a Ƙofar Ƙaura har idonsa ya saba, zai ga mai shayi da garwashinsa, mai tsire, maigadi a bakin kanti, da yaron da barci ya kwashe a kan kwali. Hasumiyar Gobarau ma ba ta ɓacewa, jan ƙasarta ne ke sauya kama. Baƙin fenti yakan haɗiye waɗannan duka, ya hutar da mai zane daga wahalar dubawa. Haka muke yi sa'ad da muka yanke wa unguwa guda, ko kabila guda, hukunci da kalma ɗaya.

Bisharar Yohanna ba ta yi wa dare launi ɗaya ba. Da dare Yahuza ya fita cin amana, da dare kuma Nikodimu ya zo neman gaskiya. Ikilisiya ma, a daren Ista, a waje take hura wuta cikin duhu, sannan ta shiga da kyandir guda, kowa ya kunna nasa daga na maƙwabcinsa, har fuskoki su fara bayyana.